Yadda Ake Nazarin Tauhidin Byang Kato

Mai son rubuta kundin digiri a kan Byang Kato, masanin tauhidin Kirista ɗan Najeriya, ya fara da jera rubuce-rubucensa bisa shekarun da aka yi su, kafin ya karanta abin da wasu suka ce a kansa. An haife shi a Kwoi, ƙasar Jaba, a 1936, ya riƙe sakatare janar na cocin ECWA, a 1973 kuma ya zama ɗan Afirka na farko da ya riƙe sakatare janar na AEAM, ƙungiyar Kiristoci masu bishara ta Afirka da Madagaska. Ruwa ya cinye shi kusa da Mombasa ta Kenya a Disambar 1975, yana da shekara 39. Ke nan duk abin da ya bari aikin mutum ne da bai gama faɗin bakinsa ba.

Littafinsa Theological Pitfalls in Africa na 1975 asalinsa kundin digirin digirgir ne da ya rubuta a makarantar tauhidi ta Dallas a Amurka. Littafin jayayya ne. Abu biyu yake yaƙa: koyarwar cewa kowa zai sami ceto a ƙarshe, da gauraya bishara da addinin gargajiya. Waɗanda ya fi takala su ne masanan tauhidi John Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu na Najeriya.

A nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. Sai su ɗauki abin da Kato ya ce Mbiti ya faɗa a matsayin maganar Mbiti. Duk inda Kato ya kawo maganar wani, ka nemo littafin, ka karanta shafin da na gabansa da na bayansa. Ka ja layi uku a takarda: abin da marubucin ya rubuta, yadda Kato ya fahimce shi, da ayar Littafi Mai Tsarki da ya kafa hujja da ita. Wani wurin za ka tarar sukarsa ta zauna daram, wani wurin ya tsananta.

Daga nan ka koma kan laccocinsa, har da jawabinsa a taron bishara na duniya da aka yi a Lausanne ta Switzerland a 1974 da waɗanda aka tara a littafin Biblical Christianity in Africa a 1985. A cikinsu yana goyon bayan a yi sujada da harshe da kiɗa da suturar gida, muddin saƙon bai canja ba. Wanda ya tsallake su shi ne ke kiransa maƙiyin al'ada.

Sai a ƙarshe ka buɗe masu sharhi. Kwame Bediako, masanin tauhidi ɗan Ghana, ya soke shi a littafinsa Theology and Identity na 1992, wani masanin kuma, Keith Ferdinando, ya kare shi. Kada ka karanta ɗaya ka bar ɗaya.

Gadonsa ba a takarda kaɗai yake ba. Hukumar ACTEA mai tantance makarantun tauhidi, da manyan makarantun tauhidi na Nairobi da Bangui, daga shirinsa suka tsiro, ko da yake bayan rasuwarsa aka buɗe su. Babin kundinka da ke magana kan gadonsa ya duba manhajarsu, a kuma yi hira da tsofaffin fastocin ECWA da suka san shi, a naɗi muryarsu da izininsu, a rubuta rana da wuri.