Yadda ake danna ƙirji idan zuciyar mutum ta tsaya

A nan Damagaram, da mutum ya yanke jiki ya faɗi, a Kasuwar Dole ne ko a ƙofar masallaci bayan Azahar, nan da nan za a yi masa rumfa. Wannan yana yayyafa ruwan buta, wancan yana fifita da kwali, wani ya ruga neman kabu-kabu. In suma ce ta zafin rana, ba laifi. In kuwa zuciya ce ta tsaya, jini ya daina kaiwa ƙwaƙwalwa, kuma cikin minti 4 zuwa 6 za ta fara lalacewa. Kafin a isa asibiti aikin gama ya gama, sai fa in wani na kusa ya sa hannu.

Da farko ka durƙusa, ka bubbugi kafaɗarsa, ka ɗaga murya: "Malam! Kana ji na?" In bai motsa ba, duba ƙirjinsa ko yana ɗagawa, kada dubawar ta wuce daƙiƙa 10. In ba ya ɗagawa, lokacin danna ƙirji ya yi.

A nan ne aka fi ruɗewa. Wanda zuciyarsa ta tsaya yakan ja wani irin numfashi jefi-jefi, baki buɗe, mai kama da minshari ko kakari. Sai wasu su ce ai yana numfashi, a bari ya huta. Wasu kuma su ce gargara ce, su fara laƙƙana masa kalmar shahada, su nemi mayafi. To wannan kakarin alamar tsayuwar zuciya ce, kuma lokacin ne dannawa ta fi amfani. A yi ta shahada da baki, hannu yana aikinsa.

Kada ka ce "a kira mota", kowa zai zaci wani ya kira. Nuna mutum ɗaya: "Kai mai shuɗiyar riga, buga 18, sojojin kwana-kwana!" In kai kaɗai ne, ka buɗe muryar salula ka ajiye ta a ƙasa.

Kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri. In a kan katifa yake, a sauko da shi tabarma, don katifa shanye ƙarfin take yi. Ɗora gindin tafin hannunka a tsakiyar ƙirji, kan ƙashin nan na tsakanin nonuwa, ɗaya hannun a bisansa, yatsu a sarƙe. Miƙe gwiwar hannu, kafaɗunka su daidaita da hannuwanka, ka danna da nauyin jikinka har ƙirjin ya lotsa santimita 5 zuwa 6. Ka sassauta ya taso gaba ɗaya, ka sake dannawa, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, wato kusan biyu kowace daƙiƙa. Ƙirga da ƙarfi don kada saurin ya ragu.

Wataƙila ka ji ƙas a ƙarƙashin hannunka. Haƙarƙari ne, kuma yana warkewa, kada ka tsaya. Ba a ɗura masa ruwa, ba a zaunar da shi. In mace ce, lalura ce: a kare ta da zane daga idon jama'a, amma kada a ɓata lokaci wajen neman mace 'yar'uwarta.

Aikin da gajiya, balle a zafin Afrilu. Duk minti 2 wani ya karɓe ka, ba tare da an bar tazara ba. Ana ci gaba har ma'aikatan lafiya su karɓa, ko mutumin ya motsa ya koma numfashi sosai; in haka ta faru, a juya shi kan gefensa a sa masa ido.

Tun 2008 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta amince da wannan hanya ga wanda bai koyi hura iska baki da baki ba, amma ga babban da ya faɗi kwatsam. Ƙaramin yaro, ko wanda aka tsamo daga tafki da damina, iska ce ta fara yanke masa, saboda haka yana buƙatar hurawar ma. In ba ka iya ba, ka danna ɗin, ya fi a tsaya kallo.