Yanda zaka gane iyakar mazaɓarka da tarihin zaɓenta a Kumasi, mu ɗauki Asawase

Duk sanda zaɓe ya matso sai gardama ta kaure a wajen shan ataya, wani yace ai duk zangon Kumasi ƙarƙashin Asawase yake, wani yace kujerar majalisar dokokin Ghana ta Asawase tun 1992 jam'iyyar NDC ke cinta, kuma duka biyun ba haka bane. Abun baya buƙatar digiri ɗan uwa, in kana da katin zaɓe da waya mai ɗan data zaka iya warware shi da kanka.

Fara da katinka. Ciro shi ka duba da kyau, banda lambar katin akwai wata lamba daban ta rumfar da kake jefa ƙuri'a, tana farawa da harafi ɗaya sannan lambobi su biyo, mu nan Ashanti harafin F ne, na Akra kuma C. Wannan lambar ita ce mabuɗin komai. Hukumar zaɓe, EC, tana fitar da jerin rumfunan ƙasar gaba ɗaya kafin babban zaɓe, kowace rumfa da lambarta da sunanta da mazaɓar da ta faɗa, toh sai ka sauke shi a waya ka nemi taka. In idonka ba zai iya da ƙananan rubutun ba ka tafi ofishin EC na gundumarku da katin a hannu su duba maka. Dan Allah kar ka dogara da sunan unguwa ko da fostar da aka manna a bangon gidanku, masu manna fosta basu san iyaka ba, duk inda suka ga fili mannawa suke. Aboabo da Sawaba da Akwatia Line da Adukrom da Sepe Tinpom da Asokore Mampong duk Asawase ne, amma Moshie Zongo tana Manhyia North, zangon Ayigya yana Oforikrom, na Tafo kuma Old Tafo, kaga kenan zangunanmu a warwatse suke cikin kujeru daban-daban, shi yasa MP ɗin, wato ɗan majalisar, da kake zagi kan gotar layinku zai iya yiwuwa ba naka bane sam.

Sai ka raba layuka uku da mutane ke cakuɗawa. Akwai mazaɓar MP, akwai asembili wato ƙaramar hukuma, akwai kuma ɗan yankin asembuliman, wakilin unguwa a asembilin. MP kai ka zaɓe shi da tutar jam'iyya, wanda ya fi ƙuri'a ko da guda ɗaya ne shi ya ci. Shugaban asembili kuwa shugaban ƙasa ne ke kawo sunansa 'yan asembili su amince. Asembuliman zaɓensa daban ne kuma a doka ba ruwansa da jam'iyya, duk da dai kowa ya san abun da ke ƙasa. Da can Asawase cikin KMA take, wato asembilin birnin Kumasi, a 2012 aka yanke Asokore Mampong ta zama munisifal mai cin gashin kanta, saboda haka in ka ga tsohuwar takarda ta sa Asawase ƙarƙashin KMA ba kuskure bane, zamaninta ne.

Yanzu tarihin, nan ne aikin yake. Samu takarda ka ja layi, shekara, sunan mazaɓar a wannan shekarar, wanda ya ci, jam'iyyarsa, wanda ya zo na biyu. Gurbin sunan mazaɓa shi mutane ke tsallakewa kuma shi ne ya fi muhimmanci, domin kafin 2004 babu wata kujera mai suna Asawase, yankin yana cikin Asokwa East ne. Waccan kujerar NDC ta ci a 1996, jam'iyyar NPP ta ƙwace a 2000, sannan da aka ƙara kujerun majalisa daga 200 zuwa 230 aka raba ta, Asawase da Oforikrom suka fito. Tun daga nan kowacce ta kama hanyarta, Oforikrom ta zauna hannun NPP, Asawase ta zama ɗaya daga cikin 'yan tsirarun kujerun da NDC ke riƙewa a Ashanti. Mutanen da ke layukan nan basu canza ba, layin da aka ja ne ya canza wa ake ƙirgawa tare da wa.

A zaɓen Disamba 2004 Dakta Gibril Adamu Mohammed na NDC ne ya zama MP na farko, ya kada Patricia Appiagyei ta NPP wadda daga baya ta shugabanci KMA kuma ta zama MP ta Asokwa. Dakta Gibril bai daɗe a majalisa ba Allah ya masa rasuwa a farkon 2005, Allah ya jiƙansa, aka yi zaɓen cike gurbi a watan Afrilu, Mohammed Mubarak Muntaka ya ci. Ka ba wannan zaɓen layinsa daban a takardarka, da yawa suna mantawa da shi sai su ce Muntaka ya shiga a 2004 ko 2008. Daga nan shi ne a 2008, 2012, 2016, 2020 da 2024, a 2016 da 2020 Alidu Seidu ne ya kara da shi daga NPP, a 2024 kuma Manaf Ibrahim, sannan a 2025 ya zama ministan cikin gida.

Adadin ƙuri'u kuma ka nemo su da kanka daga sakamakon EC ko tsofaffin jaridun Daily Graphic, kuma ko wane adadi sai ka gan shi waje biyu kafin ka rubuta, wanda ake turawa a guruf na WhatsApp ka bar shi inda ka gan shi.

In kana mamakin me ke sa iyaka ta motsa, sashi na 47 na kundin tsarin mulkin 1992 ne ya ba EC ikon sake duba mazaɓu, ko dai bayan aƙalla shekara bakwai ko cikin wata 12 da fitowar sakamakon ƙidaya, ba a yarda mazaɓa ɗaya ta shiga rijin biyu ba, rijin kaman Ashanti kenan, kuma sabuwar iyaka bata fara aiki sai majalisa mai ci ta gama wa'adinta. Haka aka je 275 a 2012, shekarar da aka raba Manhyia gida biyu kuma Ashanti ta koma kujera 47, sai 276 a 2024 da aka ƙara Guan. Toh duk sanda kake kwatanta shekara da shekara fara tambayar ko fili ɗaya ake magana a kai, in ba ɗaya bane kwatancen banza ne, kaman ka auna gero da kwano biyu masu girma daban kace farashi ya tashi. Kuma ka riƙa aiki da kaso cikin ɗari maimakon gundarin ƙuri'a tunda rajista kullum ƙaruwa take, an yi ta bayometrik a 2012 an sake sabuwa a 2020. Zaɓen majalisa na 1992 kuwa ka sa masa alama, NPP ƙaurace masa tayi, baya nuna ƙarfin kowa.

Wani abu mai daɗin dubawa shi ne ka jera ƙuri'ar shugaban ƙasa gefen ta MP a shekara ɗaya, in akwai tazara mai yawa ka san an yi siket da bulawus, wato mutane sun zaɓi shugaban ƙasa a wata jam'iyya MP kuma a wata, kuma yawanci asalinsa rigimar firamare ce da ba a sasanta ba. A kujera irin Asawase ni a ganina firamaren NDC ya cancanci layinsa a takardar, wani sa'in zafinsa ya fi na 7 ga Disamba.

Sakamakon mazaɓa gaba ɗaya baya gaya maka yanda layinku ya yi, wannan sai fink shit, takardar da ake rubuta sakamakon kowace rumfa. Ranar zaɓe in an rufe rumfa kar ka tafi gida, tsaya daga bayan igiya, a gaban kowa ake juye akwati a ware a ƙirga da ƙarfi, ejan-ejan na jam'iyyu su sa hannu kowa ya karɓi kofi, a manna ɗaya a wajen. Matsa kusa ka ɗauke ta hoto da fitilar waya, ka tabbatar lambar rumfar ta fito a sama, in rumfarku an raba ta A da B ka ɗauki duka biyun. Ajiye hotunan a imel ɗinka ba cikin waya kaɗai ba.

In kuma binciken ya nuna maka ka tashi daga Aboabo ka koma Tafo ko Kenyasi amma ƙuri'arka tana tsohon waje, EC na buɗe 'yan kwanaki na tiransifa kafin babban zaɓe, da ƙafarka zaka je ofishinsu na inda ka koma da katinka su duba yatsa, ba a aike, kuma in an baje rajista don dubawa ka koma ka tabbatar sunanka ya fito a sabuwar rumfar.