Yadda ake tsare gidan kaji daga murar tsuntsaye a Legas

Duk sabon mai kiwon da ya zo wurina a Ojo, tambayarsa ta farko ita ce wane magani zai saya ya ajiye. Murar tsuntsaye ba ta da magani, kuma tsarin gwamnatin Najeriya bai yarda da allurar rigakafinta ba. Idan ta shiga, kashe kajin ake yi gaba ɗaya. Saboda haka aikin a bakin ƙofa yake.

Da farko, ka ajiye kwano mai faɗi da ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta a ƙofar kowane ɗakin kaji. Ni Virkon S nake so, amma idan aljihu ya yi rauni, Hypo ma yana yi, sai dai taɓo na saurin kashe ƙarfinsa. Ka canza ruwan kullum. Na sha ganin kwanon da ya kwana bakwai har ya zama kunun laka, mai gidan kuma yana ganin ya yi tsaro. Takalmin roba na cikin ɗaki daban, na zuwa kasuwa daban.

Na biyu, kuma nan ne ni na ci ƙasa: kiret ɗin ƙwai da kejin dillali. A farkon 2015, lokacin da cutar ta dawo Kano da Legas, ina da kwanon magani, ina da raga, ban bar baƙo ya shiga ɗaki ba. Amma wani dillalin ƙwai yakan zo da tsofaffin kiret na takarda, mu yi musanya, ya ba ni fanko in ba shi cikakku. Yaron aikina ya ɗauki waɗannan kiret ɗin ya shiga da su har gaban kaji yana tsintar ƙwai. Akwai busasshen kashin kaji da ɗan gashi manne a jikinsu, ban ɗauke shi komai ba. Kwana uku zuwa huɗu, na buɗe ƙofa da asuba na ji shiru. Zankon kajin ya kumbura ya koma shuɗi-shuɗi, ƙafafu da ja kamar jini ya taru, gawa a kowace kusurwa.

Kiret ɗin da ya zaga kasuwannin Mile 12 da Agege da gonaki goma, me kake zato ya kwaso? Ka sayi na roba wanda ake wankewa, ya zama na cikin gida ne kawai. Dillali ya tsaya waje, a juye masa ƙwai a nasa. Zai yi ƙorafi, zai ce "Alhaji, yau kuma ni ne baƙo?" Ka ba shi haƙuri da ruwan sanyi, amma kada ya wuce ƙofa, shi da babur ɗinsa. Haka mai sayen taki da mai kawo abinci.

Na uku, sabbin kaji su yi kwana 21 a keɓe kafin a haɗa su da na gida. Zabin da aka kawo maka tsaraba daga Arewa ma haka. Agwagi kuwa, a ra'ayina ba su da wuri a gidan kaji sam, domin suna iya ɗauke da cutar suna yawonsu lafiya lau. Ka toshe duk kafar da tsuntsun daji zai bi, musamman in gonarka na kusa da ruwa kamar Epe, Ikorodu ko Badagry.

Idan mutuwa ta fara, kada ka kira masu sayen kaji da araha. Wannan na cikin hanyoyin da cutar ke bi ta bazu. A Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da ita a wata gona a Jaji, jihar Kaduna, karo na farko da aka ga nau'inta na H5N1 a Afirka, kafin wata ya ƙare har an same ta a Nijar. A 2007 ta bayyana a Gana da Togo da Benin, a Janairun shekarar kuma ta kashe wata mata a nan Legas. Da zarar an ji labari, ƙasashe maƙwabta kan rufe ƙofa ga kaji da ƙwai, mai kai kaya ta Seme, kan iyakarmu da Benin, ya zauna, farashin kiret ya faɗi har kan wanda kajinsa lafiya suke.

Ka rufe gona, ka sanar da likitan dabbobi na ma'aikatar gona ta jiha, su ɗauki samfuri a kai cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, jihar Filato. Kada ka yanke hukunci da ido, cutar Newcastle tana kama da ita. Kada ka taɓa gawa da hannu tsirara, kada a fige a ci. Wurin binnewa ka bi abin da jami'ai suka ce, don a ɓangaren Ojo kana haƙa kaɗan ruwa zai taso. Bayan nan a kwashe shimfiɗar ƙasan ɗakin, a wanke, a yi feshi, ɗakin ya zauna babu komai har sai sun ba ka izinin zuba wasu.