Yadda Za Ka Gano Asalin Sunan Bature: Misalin Walker

Na taɓa shan kunya a aji. Wani ɗalibi ya ce, "Malam, mene ne ma'anar Walker?" Ni kuwa ko tunani ban yi ba na ce kakansu ɗan yawo ne. Sai da na koma gida na duba, ashe shirme na zuba wa yara. Tun ranar ga hanyar da nake bi.

Da farko, ajiye ƙamus na Turancin yau. Sunayen dangi sun fara zama gado a Ingila bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci ƙasar a 1066, kuma zuwa wajen 1400 yawancin gidaje sun samu nasu. Ma'anar wancan zamanin kake nema.

Sannan ka tambayi kanka: daga sana'a sunan ya fito, ko sunan uba, ko gari, ko laƙabi? Smith maƙeri ne, Johnson ɗan John, Brown kuwa kamar mu ce Jatau ko Duna.

Walker na sana'a ne. In masaƙi ya gama saƙa ulu, ƙyallen yakan fito sako-sako, duk maiƙo. Sai a jefa shi a komi da ruwa da wata laka mai tsotse maiƙo, wani sa'in har da fitsarin da ya kwana biyu, mutum ya shiga ya yi ta tattakawa har ƙyallen ya yi kauri. Mai tattakawar nan shi ne Walker. Mabugan Kano yake tuna mini, sai dai su gudumar katako suke ɗagawa.

Kada ka manta da yanki. Sana'ar ɗaya ce, amma a arewacin Ingila Walker ake cewa, a kudu maso gabas Fuller, a wajen Devon, can kudu maso yamma, kuma Tucker.

Akwai tarko ɗaya: wata unguwa a birnin Newcastle na arewacin Ingila sunanta Walker, wasu daga can suka ɗauko sunan, ba ruwansu da ulu. Abin da zai raba gardama shi ne takardu. Coci-coci sun fara rubuta baftisma da aure da jana'iza a 1538, rajistar haihuwa ta gwamnati ta zo a 1837, ƙidayar 1841 kuma ta rubuta mutane da sunayensu. Ka bi su baya-baya har ka ga garin da gidan ya taso. In ka tarar da harafi ya canza, kada ka ce ba su ba ne. Limamin coci yadda kunnensa ya ji yake rubutawa.