Babi na 6: Aski da Gidan Reza da Burushi

Wannan babi na mai son ya riƙa yi wa kansa aski a gida ne. Ko gemu kake bari kana gyara gefen kumatu da wuya kawai, ko aikin kaki kake yi wanda dole ka aske fuska kullum, hanyar ɗaya ce. Ka karanta a hankali. Inda ba ka gane ba, ka ɗora yatsa a kan layin ka sake, ko ka tambayi na kusa da kai. Tambaya ba abin kunya ba ce a wannan aji.

Darasi na 1: Kayan aiki da yadda ake haɗa su

Reza ka san ta, ita ce ɗan siririn ƙarfen nan mai baki biyu da ake sayarwa naɗe a takarda. Gidan reza kuwa shi ne ƙarfe mai mariƙi da ake saka ta a ciki, yadda bakinta kaɗan kawai zai leƙo. Wani Ba'amurke, King Camp Gillette, ya fara sayar da irinsa a 1903. A Yaƙin Duniya na Ɗaya an raba wa sojojin Amurka, suka koma gida da shi, daga nan ya bazu. Askar wanzami tsirara take, sai gwani. Wannan kuwa yana da kariya, shi ya sa ɗan koyo zai iya riƙe shi. Amma fa yana yanka. Masu riƙe reza haka nan da yatsu biyu suna kankare fuska, ko su karya ta biyu, don Allah a daina.

Sai burushin aski, da sabulun aski, da ɗan kwano, da tawul mai tsabta, da madubi. Kafin ka sayi burushi ka tambayi mai kaya da gashin me aka yi shi. Akwai na gashin alade, kuma shi ne mai araha a cikin na gashin dabba, saboda haka ka tambaya da kyau. Akwai na gashin doki, akwai na wata dabbar daji dangin dage da ake kawo gashinta daga Sin. Akwai na roba mai laushi. Ni na roba nake ba ku shawara: ba shakku a kansa, yana saurin bushewa, ba ya wari.

Yawancin gidan reza kashi uku ne: murfi mai ɗan ƙusa a tsakiya, faranti, da mariƙi. Shimfiɗa tawul. Kwantar da murfin a kai, ƙusar tana kallon sama. Buɗe takardar reza, ka riƙe ta ta gajerun gefuna biyu, inda babu kaifi. Ɗora ta a kan murfin, ƙusar ta shiga ramin tsakiya. Ɗora faranti a kai. Murɗa mariƙi zuwa dama har ya tsaya. Yanzu ɗaga ka duba: bakin reza ya leƙo daidai a ɓangarorin biyu? In ɗaya ya fi fitowa, kwance ka gyara. In ka fara aski ka ga ba ya cin gashi ko kaɗan, to farantin ka kifa, juya shi.

Darasi na 2: Ina gashinka ya kwanta?

Ka bar fuska kwana biyu ba aski. Shafa kumatu da yatsu daga sama zuwa ƙasa, sannan daga ƙasa zuwa sama. Ɓangaren da ka ji santsi, can gashin ya kwanta. Ɓangaren da ka ji kaushi, ka saɓa masa ke nan. A kumatu yawanci ƙasa yake kwantawa. A wuya kuwa kowa da nasa: na wani gefe yake bi, na wani sama, na wani ma juyi yake yi kusa da maƙogwaro. Shafa ko'ina ka riƙe a ka.

Dalilin wannan wahalar shi ne gashinmu murɗaɗɗe ne. In aka yanke shi ƙasa-ƙasa har cikin fata, wajen tsirowa sai ya lanƙwasa ya soki fata, ƙuraje su feso a wuya da ƙeya. Mai bin kwanciyar gashi yana rage wannan sosai.

Darasi na 3: Ruwa da kumfa

Busasshen gashi tauri gare shi. Ka yi aski bayan wanka, ko ka jiƙa tawul da ruwan ɗumi ka ɗora a fuska minti 3. Ruwan ɗumi na ce, wanda hannu zai iya zama a ciki, ba tafasasshe ba.

Tsoma burushi a ruwan ɗumin. In na gashin dabba ne, bar shi ya sha ruwa minti biyu. Na roba tsomawa ɗaya ta isa. Yarfe shi sau ɗaya. Murza kansa a kan sabulu kana zagayawa, ka ƙirga daga 1 zuwa 30. Koma cikin kwano ka ci gaba da zagayawa, kana ɗiga ruwa da yatsa, ɗigo-ɗigo. Kumfa mai manyan ƙwayoyi da ke zuba, ruwa ya yi yawa, ƙara sabulu. Wadda ke daskarewa tana bushewa a fuska, ruwa ya yi kaɗan. Mai kyau ita ce mai kauri da sheƙi, wadda in ka murza tsakanin yatsu za ka ji santsi. Ruwan rijiya mai zartsi ba ya son kumfa. In shi gare ka, ƙara sabulu. Kada ka yi da sabulun wanki ko garin sabulu, suna cin fata.

Shafa kumfar a fuska da burushi, kana zagayawa, don gashin ya miƙe. Rufe duk inda reza za ta bi. Inda babu kumfa, reza ba ta bi.

Darasi na 4: Askin kansa

A nan ne kusan kowa ke faɗuwa, saboda haka za mu daɗe.

Ɗora bayan murfin a kumatu kusa da saje, mariƙi ya miƙe waje. A haka ba ya yanka komai. Yanzu sauke mariƙin ƙasa kaɗan-kaɗan kana ja a hankali, har ka ji ƙaras-ƙaras, reza ta fara cin gashi. Tsaya a wannan karkatar. Masu awo suna cewa wajen digiri 30 ne, amma kai kunnenka ya ishe ka.

To ga babbar magana: kada ka danna.

Kun tuna makon farko a ajin nan, yadda ake danna fensir har bakinsa ya karye, takarda ta huje? Hannun da ya saba da fartanya da guduma haka yake, ya ɗauka sai da ƙarfi aiki ke yiwuwa. Da kuka sassauta, rubutu ya fito. To reza ma haka take. Gidan reza na ƙarfe yana da nauyinsa, nauyin nan ya isa ya yanke gashi. Aikinka ka nuna masa hanya kawai.

Riƙe mariƙi ta can ƙarshensa da yatsu uku: babban yatsa, manuni, da na tsakiya. Ba da dunƙulen hannu ba. Wanda ya dunƙule hannu a kai sai ya danna, ko bai yi niyya ba. Ja ƙasa, gajeren ja, tsawon gaɓar yatsa ɗaya. Ɗaga. Sake ɗorawa. Kada ka danna. Bayan ja biyu ko uku, juya ɗaya bakin. In duka biyun sun cika da kumfa, ɗauraye a ruwa.

Yaya za ka san kana dannawa? Dubi madubi. In fata ta lotsa a ƙarƙashin ƙarfen, kana dannawa. In farcenka ya yi fari saboda riƙo, kana dannawa. In ka gama fuska tana raɗaɗi, ka danna. Ajiye, yarfe hannu, ja numfashi, sake ɗauka da yatsu uku. Sannu a hankali hannu zai koya, kowa da haka ya fara.

Za ka ce: “Malam, ai gashin bai fita duka ba.” Na sani. Zagaye na farko ba ya kwashe duka, kuma ba a so ya kwashe. Wanke fuska, sake shafa kumfa, sake bi. A zagaye na biyu kana iya bi ta gicciye, daga kunne zuwa wajen hanci. Bi ta saɓanin kwanciyar gashi kuwa, mai ƙuraje ya bar shi sam, ɗan koyo ma ya bar shi tukuna. Gashin da ya rage, kumfa da zagaye na biyu ne maganinsa. Dannawa ba ta cire shi, fata take cirewa.

Wuya ya fi ko'ina laushi. Ɗaga haɓa sama kaɗan, bi kwanciyar da ka gano a Darasi na 2. A kan maƙogwaro, ja fatar gefe da yatsa ka aske ta a can. A haɓa da muƙamuƙi inda fuska ke lanƙwasa, ƙara gajarta ja. Kada ka taɓa zame reza ta gefe, wato ta bi tsawon bakinta. Nan take za ta tsaga. Kuma a wuya, fiye da ko'ina, kada ka danna.

Na faɗa, na maimaita, amma duk da haka sai in ga mutum ya shigo aji da ɗigon jini a wuyan riga yana cewa rezar ce ba ta da kyau. Haba ɗan'uwa! Sabuwar reza ce fa. Gaggawa ka yi, ka danna, ka bi wuri ɗaya sau biyar ba kumfa. Babba da kai, mai iyali, a ce minti goma sun gagare ka saboda fuskarka? In ka makara, bar askin sai ka dawo. In kuwa reza ta fara jan gashi tana fizga, ta dakushe ne, canza ta. Ƙara ƙarfi a kan dakusasshiyar reza shi ne mafi muni. Ɗauki littafinka ka rubuta sau biyar: Ba zan danna ba.

Darasi na 5: Bayan aski

Wanke fuska da ruwan sanyi. In akwai ɗan yanka, jiƙa alimun, wanda wasu ke kira alam, ka goga a wurin. Zai yi zafi kaɗan, jinin ya tsaya. Bayan minti ɗaya ka ɗauraye. Dangwala tawul, kada ka gurza. Shafa man kaɗanya kaɗan, musamman da hunturu. In ƙuraje sun yi ruwa ko suna ciwo, dakatar da aski ka je asibiti.

Darasi na 6: Tsohuwar reza

Reza ɗaya tana yin aski 3 zuwa 5, gwargwadon taurin gashi. Ba a aron reza, ko tsakanin wa da ƙane. Ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini, kuma ɗan jinin da ido bai gani ba yana iya zama a bakinta. Kada ka jefa ta a bola ko tsakar gida, yara na tsinta su fiƙe fensir. Sami gwangwani mai murfi, ka tsaga murfin, ka riƙa jefawa ciki, ka ajiye inda hannun yaro ba ya kai.

Darasi na 7: Adana kaya

Wanke burushi har kumfa ta fita, yarfe, bar shi ya sha iska. Sassauta mariƙi, ɗauraye gidan reza, shanya.

Aikin gida: rubuta sunayen kashi uku na gidan reza. Rubuta alamu uku da ke nuna mutum yana dannawa. A kawo littafi mako mai zuwa.