Darasi na Shida: Zafi, Sanyi da Tsutsar Tumatir

Duk wanda ya yi noman rani a Kadawa, Kura ko Bunkure a shekarar 2016 ba zai manta ba. Gonar tumatir da ka bari kore shar, ka dawo bayan kwana kaɗan ka tarar ganye ya bushe kamar an bi shi da wuta. Manoma suka sa wa tsutsar suna Sharon. Masana suna kiran ta Tuta absoluta. Baƙuwa ce. Asalinta Kudancin Amurka, ta shiga ƙasar Sifen a 2006, daga nan ta bazu har ta iso mu.

Me ya sa ta samu wurin zama a ƙasarmu? Babban dalili shi ne zafi.

Ƙwaro ba shi da ɗumin jiki na kansa irin na mutum ko akuya. Yanayin wuri ne ke tafiyar da shi. Idan sanyi ya kai digiri 14, wannan tsutsa tana ɗaukar wajen kwana 76 daga ƙwai zuwa uwa mai tashi. Idan zafi ya kai digiri 27, kwana 24 sun ishe ta. Uwa ɗaya kuma tana iya saka ƙwai fiye da 200. To, ka lissafa da kanka. Shi ya sa a tsakiyar hunturu ɓarnarta ba ta cika yawa ba, amma da sanyi ya fara janyewa a ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, sai ta taso gadan-gadan.

A lura da kyau: hunturunmu ba ya kashe ta, rage mata gudu kawai yake yi. Haka ma tsutsar masara da aka fara gani a Nijeriya a 2016. A arewacin Amurka ƙanƙara tana hallaka ta duk shekara, mu kuwa ba mu da ƙanƙarar, ga masarar rani tana ciyar da ita har damina ta faɗi.

Saboda haka, malam manomi, yi dashe da wuri, tumatirinka ya nuna kafin bazara. Da ka ji dare ya daina sanyi, ƙara yawan zagayen gona. Ɗaga ganye ka duba shi a hasken rana. In ka ga wani farin tabo, da ɗan baƙin kashi a ciki, tsutsar tana nan tsakanin fatar ganyen, inda feshi ba ya saurin kai mata. Tsinke ganyen ka binne. Bayan girbi kada ka bar tsofaffin itatuwan tumatir a gona, tuge su ka ƙone. Kafin ka sayi magani, nemi shawarar malamin gona, domin yawan fesa iri ɗaya yana sa ta saba da shi.

Aikin gida: rubuta watan da ka yi dashe bara, da watan da ka fara ganin tsutsa. Kawo aji mu kwatanta da na maƙwabtanka.