Darasi na Shida: Dokar Hanya da Busar Jirgi a Kan Kogi

A kan ruwa babu titi, babu birki. Jirgin da ya ɗauko buhunan shinkafa daga Yauri ba ya tsayawa nan take don an kashe inji. Dole matuƙi ya sanar da ɗan'uwansa abin da zai yi tun daga nesa.

Idan jirage biyu suka fuskanci juna, kowa ya karkata zuwa damarsa, kamar yadda motoci ke yi a titunanmu. Wanda ya zo daga baya yana son wucewa, shi ke da alhakin kaucewa. A wuri mai ƙunci, mai hawan ruwa ya dakata wa mai gangara, domin ruwa na tura mai gangara, tsayawa na yi masa wuya.

Ana busa da oda ko usur. Gajeriyar busa daƙiƙa 1 ce, doguwa kuwa daƙiƙa 4 zuwa 6. Gajeriya ɗaya na nufin "zan yi dama". Biyu, "zan yi hagu". Uku, "na sa inji baya". Idan ka ji biyar a jere da sauri, ana ce maka ne, "ban gane nufinka ba, yi hattara!" Wannan busa mai biyar ɗin, malam matuƙi, ka riƙe ta da kyau. Kada ka ji kunyar busa ta, ko da mai ɗaya jirgin ya girme ka.

Doguwar busa ta kwanar kogi ce, inda ciyawa ko tsibiri ya tare maka gani. Ka busa, ka saurari amsa. Da hunturu, in hazo ya rufe Tafkin Kainji, ka rage gudu, ka riƙa doguwar busa, kada tsakaninsu ya wuce minti 2.

Da dare, fitilar hagun jirgi ja ce, ta dama kore. Amma Hukumar NIWA, mai kula da hanyoyin ruwa na cikin Najeriya, mai hedikwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar ruwa ga kowane fasinja. Lodi fiye da ƙima ma laifi ne. Mutanen Warra a Jihar Kebbi ba su manta da jirgin da ya nutse a watan Mayu na 2021 cike da jama'a ba.

Aikin gida: ka sami usur, kai da abokin karatunka. Ɗaya ya busa, ɗaya ya faɗi ma'ana, sannan ku yi musanya.